Sifikar da Ban Saya Ba

Ranar wata Talata bayan la'asar na bar wa abokin aikina makullin kantin magani, na biya shagon kayan sauti don in kwashi kayan da na biya kuɗinsu tun satin da ya wuce. Kwali bakwai ne: sifika biyar, wufa ɗaya, wato babbar sifikar nan mai gurnani, da amfilifaya mai rarraba musu sauti. Dogo, mai haɗa kayan sauti da shagon ya haɗa ni da shi, yana zaune a kan jakar kayan aikinsa yana jirana. Muka loda a bayan mota, muka kama hanyar sabon gida.

Gidan ni da matata muka gina shi. Shekara shida muna yi, yau bulo ɗari, wata mai zuwa buhun siminti goma. Ana saura fenti ta kwanta ciwo. Kwana goma sha ɗaya, Allah ya karɓi abarsa. Wata takwas ke nan a lokacin, kuma tun ranar da aka kai ta ban yi kuka ba, ban yi dariya ba. In an ajiye abinci in ci. In gari ya waye in tafi aiki, in ƙirga ƙwayoyi in zuba a leda, in amsa gaisuwa. Mutane suna ta yabon haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Na zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ka tsunkule ta, ka ga fatar ta motsa, amma ba ka ji komai ba. 'Yata mai shekara tara tana wurin ƙanwata, a kan cewa ƙarshen wata ni da ita za mu tare.

Ɗakin kallo shawarar marigayiya ce. Ta ce ta gaji da kallon fim a waya, ita da yarinya kai da kai, ga ƙarar fanka, ga rediyon maƙwabta. Ta sa birkila ya ware ɗaki a can ƙarshen gidan, mita huɗu da biyar, babu taga ko ɗaya, da ƙofa mai kauri. Tun bangon yana tsirara ba a yi filasta ba take shiga ta tsaya a tsakiya, ta nuna ƙasa da babban yatsan ƙafarta, ta ce nan kujerarta, kar in ce na manta. Tana da ƙaramin littafi da take rubuta kasafin komai na gidan. A shafin ɗakin kallo ta rubuta sifika bakwai, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Mai wayarin ma maganarta ya bi, ya binne fayif a bango, ya bar rami bakwai.

Wannan littafin na kai wa mai shagon. Dattijo ne mai ɗora gilashi a goshi, ba ya gaggawar magana. Ya duba shafin, ya ji abin da nake da shi a hannu, ya ce farashin da ke rubuce na da ne, yanzu komai ya kusa ninkawa. Ya tambayi girman ɗakin, na faɗa masa. Ya ce kunne biyu Allah ya ba ni, ina zan kai sifika bakwai a ɗaki mita biyar? Ya yi dariya, ya jira in taya shi. Da ya ji shiru sai ya sauko da gilashinsa ya ci gaba.

Ya ce iya kuɗinka iya shagalinka, amma akwai inda ba a yi wa rowa. Rabin kuɗin ya tafi kan uku na gaba, musamman ta tsakiya, don daga nan maganar 'yan fim take fita. In ka yi mata ƙoro, za ka ji harbi kamar a ɗakinka ake yi, amma ba za ka ji abin da aka ce kafin a yi harbin ba. Kashi ɗaya cikin huɗu na amfilifaya ne. Wufa matsakaiciya ta ishi ɗakin da babu taga. Biyun gefe ko masu sauƙin kuɗi ne babu laifi, aikinsu ruwan sama da kukan tsuntsu. Sannan in ware na waya da na mai aiki, don nan ne mutane suke mantawa, su dawo suna kame-kame. Biyun baya kuwa in haƙura da su. Amfilifayar tana da gurbinsu, duk ranar da hali ya samu sai a ƙara.

Ya miƙo mini biro. Na soke bakwai ɗin da ta rubuta, na sa biyar a gefe. Na tsaya ina kallon layin da na ja a kan rubutunta, ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Na biya, na karɓi rasit.

Unguwar sabuwa ce, gaba da inda kwalta ta ƙare. Yawancin gidajen an kai linta an tsaya, ciyawa ta leƙo ta tagoginsu. Gida tara ne a layinmu, nawa kaɗai aka sa wa ƙofa. Dogo mutum ne mai surutu. Tun daga shago yake ba ni labarin wani da ya dage sai an sa masa wufa biyu, ranar farko kwanukan matarsa suka zubo daga kan kantar da ta jera su, ya kwana a mota. Ina cewa to, to. Da muka shiga layin sai ya katse labarin don kansa. Ya leƙa ta taga, ya ce wurin nan ko kare babu.

Rana ta yi ja lokacin da na buɗe gidan. Warin fenti da gam ɗin kafet ya tare mu. A falo takunmu yana amsawa, kowane taku biyu. A ɗakin kallo kuwa babu amsa. Kafet mai kauri ne, bangon an manna masa soso an rufe da yadi ruwan toka, yadda ta so. Talabijin tana kafe a bangon gaba. Kujera mai cin mutum uku tana tsakiya, ba a ma cire mata leda ba. Dogo ya tsaya ya tafa hannu sau ɗaya. Tafin ya mutu nan take, kamar an jefa dutse a rijiya ba a ji faɗuwarsa ba. Ya ce ɗaki ya yi, irin wanda sauti yake so ke nan. Sannan ya murza damtsensa, ya tambaya ko na kunna na'urar sanyi. Na ce ba a ma kawo ta ba.

Ya ce zai koma mota ya ɗauko tsani, ko zan riƙe masa ƙofa. Na ce, "Je ka, ina nan."

Mun fi awa muna aiki. Shi yana kan tsani yana jan waya ta cikin fayif, ni ina miƙa masa ƙusoshi. Ya kafa uku na gaba, ya kafa biyun gefe, ya ajiye wufa a kusurwa. Da ya zo bangon baya ya ga ramuka biyu an toshe su da fararen murafun roba, ya tambaya. Na ce na soke biyun, kuɗin bai kai ba. Ya ce ba komai, wata rana sai labari. Ya tambayi su wa za su riƙa kallo a nan. Na ce ni da 'yata, ƙarshen wata zan kawo ta. Ya ce Allah ya raya ta.

Muka jiyo kiran sallar magariba can nesa, siriri, kamar daga wani gari. Muka fita falo, muka shimfiɗa kwalaye muka yi salla. Da muka dawo, ɗaya daga cikin murafun nan yana kwance a kan kafet. Dogo ya ɗauka ya juya shi a hannu, ya ce 'yan wayarin na yanzu ba su iya aiki ba, ya mayar da shi.

Saura gwaji. Ya yi mini bayani cewa amfilifayar tana zuwa da ɗan makirfo. A ajiye shi daidai inda kan mai kallo zai kasance, sai ta aika ƙara ta kowace sifika bi da bi, ta saurara, ta auna nisan kowacce, ta rubuta a talabijin. Ya manta sandar ɗora makirfon a shago, don haka ya ce in zauna a tsakiyar kujera in riƙe shi kusa da kunnena na dama. Kar in motsa, kar in yi tari. Ya rufe ƙofa, don abin yana son shiru.

Na zauna. Ledar kujerar ta yi ƙara ta yi shiru.

Ya danna rimot. Ƙarar kamar fito take, tana farawa daga ƙasa ta haura sama ta yanke. Ta fito ta hagu. Ta tsakiya. Ta dama. Ta gefe, ta ɗaya gefen. Wufa ta yi gurnani har na ji a tafin ƙafata. Dogo ya ɗaga hannu ya nuna mini bangon baya, ya girgiza kai, wato yanzu za a ji shiru, don na'urar za ta nemi biyun baya ta rasa.

Fiton ya fito daga bayana.

Bai yi daidai da sauran ba. Ya ɗan dusashe, yana da danshi, kamar mutum ne yake kwaikwayo da baki.

Talabijin ta jero sakamako. Layin ƙarshe ya nuna akwai sifika a baya. Nisanta mita biyu.

Dogo ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce amsa-kuwwa ce, wani lokaci na'urar tana ruɗewa. Bai kalle ni ba da yake faɗa, kuma shi da kansa ya tafa hannu a ɗakin nan ɗazu. Ya durƙusa bayan amfilifayar da tocila. Guraben sifikun baya biyun babu waya a cikinsu. Ya je bango, ya cire murfi, ya haska. Fayif ne kawai, baƙi, ya yi sama. Ya kai kunnensa kusa da ramin, ya janye da sauri.

Wani wari ya shigo ɗakin. Warin tokar da aka zuba wa ruwa.

Ya yago soson cikin kwali ya cusa a ramukan biyu, ya mayar da murafun, ya bi su da salatif. Ya dawo ya danna rimot.

Hagu. Tsakiya. Dama. Gefe. Gefe. Wufa.

Fiton ya sake fitowa. Wannan karon ba daga saman bango ba. Daga ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mutum.

Mita ɗaya da 'yan kai.

Salatif ɗin yana nan yadda ya manna shi.

"Maigida," Dogo ya ce a hankali, "mu bari sai da safe."

Na ce gobe ina da aiki, a gama yau. Ya sake ɗaga rimot.

Na san mai cikakken hankali da tuni ya tashi. Ni ba jarumta ce ta zaunar da ni ba. Na ga lambar tana raguwa, na fahimci abin da take nufi, amma fahimtar ta tsaya a kaina ba ta sauka jikina ba. Aiki ne aka fara, ina so a gama, kamar yadda nake son a gama duk wani aiki tun wata takwas.

Dogo ya kuskure maɓallin rimot. Sai da ya danna sau biyu.

Hagu. Tsakiya. Dama.

Hannuna ya fara sanyi a kan makirfon.

Gefe. Gefe. Wufa.

Shiru.

Har Dogo ya fara sauke numfashi.

Sai aka tafa hannu sau ɗaya a bayana. Tafin Dogo ne, na ɗazu.

Sai ƙarar faɗuwar ƙusa a kan tsani.

Sai muryata. Tawa, da gajiyarta da komai: "Na soke biyun."

Talabijin ta rubuta rabin mita.

Dogo ya fizge wayar daga soket. Talabijin ta mutu. Shuɗiyar fitilar amfilifaya ta mutu. Ƙwan silin kaɗai ya rage, shi ma ya koma ja kamar garwashi.

Babu sauran abin da ke kunne a ɗakin.

Ledar bayan kujera ta yi ƙara. A hankali, kamar wani ya ɗora gwiwar hannu ya jingina.

Sanyi ya sauka a ƙeyata.

"Nan kujerata. Kar ka ce ka manta."

Muryarta ce. Har yadda take haɗiye ƙarshen magana in tana tsokanata. Abu ɗaya ne babu: numfashi. Ba a ja iska kafin maganar ba, ba a saki bayanta ba.

"Nan kujerata. Kar ka ce ka manta."

Sau uku, ba bambanci.

Dogo ya manne da ƙofa, leɓɓansa suna motsi da addu'a. Ba ni yake kallo ba. Saman kaina yake kallo.

"Kar ka waiwaya," ya ce da raɗa. "Kar ka amsa."

"Ka soke biyun," muryar ta ce.

"Kuɗin ne bai kai ba," na ce.

Haka na amsa, kamar yadda nake amsa wa mai sayen magani in ya yi ƙorafin farashi.

Dogo ya runtse ido.

Wurin zama na damana ya lotsa. Na gani ta wutsiyar ido. Ledar ta shige ciki, ta yi kwarmin zaman mutum. Babu kowa a kai.

Warin tokar ya cika mini hanci har maƙogwaro.

Na san ba ita ba ce. Da hannuna na sa ta a kabari. Amma ban ji tsoro ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi muni a daren. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ɗakin nan shiru ne. Babu mai gaishe ni a nan. Babu mai yabon haƙurina. Zan iya zama.

Kafaɗata ta fara nauyi, kamar an jingina kai.

Na bari.

Muryar ta matso har cikin kunnena.

"Ƙarshen wata," ta ce. "Kawo ta."

A nan ne abin ya tsinke.

Na ga 'yata a kujerar nan, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, ƙofa a rufe, ni ina kantin magani. Jini ya dawo jikina gaba ɗaya, kamar allurai dubu, daga tafin ƙafa har fatar kai. Zuciyata ta buga. Na manta tana iya bugawa haka.

Na yunƙura in tashi. Ƙafafuna suka ƙi.

Na so in yar da makirfon. Yatsuna sun ƙage a kansa.

Na buɗe baki in kira Dogo. Iska ce kawai ta fito. Leɓɓana suka koma suka haɗe.

Dogo ya riga ya buɗe ƙofa. Ƙafarsa ɗaya tana waje.

Daga gefena, da muryata, cikin natsuwa, aka ce:

"Je ka, ina nan."

Ya juya baya. Ya yi taku ɗaya.

Ya tsaya.

Ya waiwayo, ya kalli bakina.

A rufe yake.

Ban san ta yadda ya ƙetare ɗakin ba. Na ji dai an damƙi wuyan rigata an fizga. Nauyin da ke kafaɗata ya riƙe. Rigar ta yage. Ya kama ni ta hammata, yana karatu da ƙarfi yanzu, muryarsa tana karyewa.

Fiton ya shiga kunnena na dama.

Daga ƙasa ya fara, ya haura. Bai yanke ba. Ya ci gaba da haurawa har inda babu sauti, sai zafi.

Wani abu mai ɗumi ya gangaro wuyana.

Na faɗo kan kafet. Ya ja ni a ƙasa kamar buhu. Dugadugaina suka bugi dokin ƙofa. Ya sa ƙafa ya banko ƙofar.

Kafin ta rufe, an tafa hannu sau ɗaya a ciki.

A falo takun Dogo ya dawo yana amsawa. Ƙafafuna suka dawo aiki, na miƙe. Makirfon ya faɗi daga hannuna, wayarsa ta maƙale a ƙarƙashin ƙofar da muka baro. Muka fita ba mu kulle gida ba. Jakar aikinsa, tsaninsa, tocilarsa, duk suna ciki. Ya karɓi makullin mota daga aljihuna, shi ya tuƙa.

Dogo ya yi ta tuƙi sai da taya ta hau kwalta. Ya tsaya a gefen hanya ƙarƙashin fitila, ya kifa goshi a kan sitiyari. Can ya ce, lokacin da aka ce ya tafi, har ga Allah ya so ya tafi, don muryata ce kuma abin da yake son ji ke nan. Na tambaye shi abin da ya gani a saman kaina. Ya ce mu bar shi a inda yake. Ya ce abu ɗaya zai gaya mini: duk kalmar da abin nan ya faɗa, a ɗakin nan aka taɓa faɗarta. Ba shi da magana tasa. Saurare yake yi, yana tarawa.

Ya kai ni gidan ƙanwata. 'Yata tana kwance a ƙasa tana aikin makaranta. Ta ɗago ta tambaya ko sifikun suna da ƙara sosai. Na durƙusa na riƙe kanta da hannu biyu. Hawaye bai zo ba, amma na ƙanƙame ta har ta ce ina ja mata gashi. Ƙanwata ta ga jinin da ya bushe a wuyana da yagaggiyar riga, ta tura yarinyar ɗaki.

"Yaya, hatsari kuka yi?"

Na ce a'a. Na ce ba za mu tare ba, ba ƙarshen wata ba, ba wani wata ba. Na ce ko bayan raina kar a kai yarinyar nan gidan. Ta je ta ɗora ruwan zafi.

Bayan kwana uku na koma da tsakar rana, da mijin ƙanwata da mutum biyu. Dogo ya ce jakar ya bar wa duk mai so. Muka buɗe ƙofar ɗakin muka tokare ta da bulo. Tun a waje na roƙe su kar kowa ya yi magana a ciki, da hannu muka riƙa nuni. Muka kwance kayan cikin rabin awa. Kujerar muka bari. Mai shago ya karɓi kayansa ya cire kashi ɗaya cikin biyar, don an buɗe kwalaye. Ya tambaya ko sautin ne bai yi mini ba. Na ce sauti ya yi. Birkila ya cire ƙofar ya gine gurbinta da bulo, ya shafe da siminti. An zo an yi addu'o'i a gidan, ba sau ɗaya ba. Na sa shi a kasuwa, amma duk wanda ya zo gani sai na gaya masa abin da ke bayan bangon. Har yau yana nan.

Dogo bai bar sana'a ba, amma ba ya karɓar aikin ɗakin da babu taga, ko nawa za a ba shi. Mukan haɗu jefi-jefi mu gaisa. Surutun nan nasa ya ragu.

Ni da 'yata muka kama haya a tsakiyar gari, gida mai tagogi a bakin titi, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. A waya muke kallon fim. Jikina ya koma kusan yadda yake a da, ina ci, ina aiki, ina amsa gaisuwa. Bambancin kawai shi ne in yarinyar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, sai na tashi na buɗe.

Kunnen dama bai dawo ba. Da wata biyu suka wuce ƙanwata ta matsa sai na je asibitin kunne. Likitar mace ce mai fara'a. Ta duba ta ce dodon kunnen ya fashe ya warke, amma jijiyar ce take shakka. Ta shigar da ni wani ɗan akurkin ɗaki mai gilashi, ta sa mini abin ji a kai, ta ce duk lokacin da na ji ƙara in ɗaga hannu. Na roƙe ta ta bar ƙofar a buɗe. Ta ce gwajin ba ya yiwuwa haka, minti biyar ne kawai.

Ta fara da hagu. Na ɗaga hannu sau shida, ta gyaɗa kai. Ta nuna mini da yatsa cewa yanzu dama.

Na jira. Babu komai. Na ga tana danna abubuwa tana rubutu, tana ƙara dannawa, tana girgiza kai. Ta ajiye biro, ta juya tana neman wata takarda a durowa.

Sai na ji shi. Siriri, mai danshi, daga ƙasa yana haurawa.

Na ɗaga hannu.

Ta ɗago, ta kalle ni ta gilashi, ta kalli na'urarta. Ta buɗe ƙofar, ta ce ta riga ta gama, ba ta danna komai ba. Ta ce kunnen nan ba ya jin komai, ko kusa da jirgi aka kai shi.

Na sauke hannuna. Na tambaye ta inda ake biyan kuɗi.